Zare a Kan Yatsa

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ruwa ya ƙara ja da baya, taki biyu daga makon jiya. Iska daga yamma. Baƙo ɗaya, wani mai sayar da tayal daga Kazablanka. Kifi: bas biyu, ƙanana, mun mayar da su.

Shekara ashirin da shida ina cika littattafan nan, ban taɓa rubuta komai ba sai iska da zurfi da abin da kifi ya ci. Yau zan ƙara wani abu, don in ban zuba shi a takarda ba zan zuba wa Itto, ita kuwa matata ce amma Hammu ƙaninta ne, ciki ɗaya.

Si Larbi mai masauki, wanda jiragen nasa ne baƙin ma nasa ne, ya tara mu a bakin tafki da safe. Ya ce ruwa ya ragu, baƙi sun ragu, daga ɗaya ga Disamba kowane jirgi jagora guda, kuma shi zai zaɓa. Yana faɗa yana juya mabuɗin mota a yatsa. Sauran jirage biyun kowanne uba ne da ɗa, a gida za su kashe maganarsu. Namu kuwa ni ne da Hammu, shi a baya da inji da filafili, ni a gaba da sandar fatsa, tun gashinmu yana baƙi.

Da muka ture jirgi Hammu, mai kirana Dadda, wato babban wa, ya ce, "Dadda Addi, kada ka sa wannan a ranka. Kai za a ɗauka mana. Ni ai jakin jirgi ne."

Na ce, "In za a rage dabbobin gida ai jaki ake bari."

Ya yi ta dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

Daga tafkin nan namu na Bin el Widan har Bani Mallal, ka ce Addi mai yatsa, an san wanda kake nufi. Ina ɗora zare a kan manuniya, tanar roba tana jan ciki a ƙasa mita goma, in gaya maka dutse ta taɓa, ko reshe, ko kuwa bas ne ya zuƙe ta ya tsaya yana shawara. Da sanyi ba ya fizga. Ɗan taɓi ne kawai, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce, in ba ka ɗaga sanda nan take ba ya tofar ya yi gaba. Abin da baƙi ke zuwa gani ke nan. Filafili kuwa ko Itto ka ba za ta ja.

To me ya hana ni cin abincin rana?

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ba baƙo. Na zauna gyaran akwatin kaya. Ƙugiya ɗaya ta suɓuce mini sau huɗu. Ƙugiyoyin yanzu santsi gare su, ban san abin da suke shafa musu a masana'anta ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan magariba

Sanyi. Ruwa garau, ana ganin duwatsu. Baƙi biyu 'yan Rabat, wa da ƙani.

Na maƙala musu ɗan kifin katako mai tafiya a saman ruwa, ni ma shi na sa. Hammu ya dube ni, ya dubi dusar ƙanƙarar da ta fara sauka a kan tsauni.

"Dadda, a wannan sanyin? Kifi yana can ƙasa ya ƙudundune. Ko kiran sallah ka yi masa ba zai taso ba."

"Kai aka tambaya? Ja filafilinka."

"Ina ja. Amma kai ka koya mini na sama na lokacin zafi ne, da sassafe, gefen ciyawa."

A gaban baƙi ya faɗi haka. A gaban baƙi. Muka yi ta jifa har azahar, ko ƙyallin kifi ba mu gani ba. Ƙanin ya koma latsa waya, wan yana hamma. Na san ba lokacinsa ba ne, ni da na sassaƙa abin da hannuna ba sai an gaya mini ba. Amma na sama, in kifi ya kai masa, ido ne ke gani. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Bayan mun ci burodi da man zaitun, Hammu ya ɗauki sandata ba ko neman izini, ya cire katakon, ya zura dalma, ya ƙulla ƙugiya, ya soka tanar roba mai ruwan ƙasa ya ɓoye bakin ƙugiyar a jikinta don kada ta kama reshe, ya miƙo mini. Wai "hannuna ba ya komai, Dadda." Na karɓa don kada mu zama abin kallo.

Kuma na ji shi. Wallahi na ji shi. Sau uku, gefen tsohuwar katangar nan da ruwa ya fara tonawa. Ba a kan yatsa sosai ba, ta can ƙasa ya zo mini, ta cikin ƙashi, amma na ji, na ɗaga, kuma yana nan. Na ukun ya kusa kilo biyu. Wan ya ce, "Tabarakallah, ashe ba ƙarya ake yi ba." Ashe abin yana nan bai tafi ba, hanya kawai ya sake.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da safe

Itto ta zuba shayi, na ɗauki kofi ina sauraron rediyo. Ta miƙo hannu za ta ƙara mini na'ana'a, ta taɓa gilashin, ta janye tana yarfe yatsu.

"Kai mutumin nan, wuta ka riƙe. Ba ka ji ba?"

"Hannun masunci ne, ba na mai ƙunshi ba."

Ta kama hannun ta juya shi. Fatar ta yi ja, yanzu har ta fara bororo. Ta ce ina takardar da likitan Azilal ya ba ni tun watan tara. Na ce tana aljihun da na ajiye ta. Ta ce, "To Allah ya ba aljihun lafiya." Mace in ta tsufa komai nata yana tsufa ban da baki.

Ba zan yi maganar takardar nan ba, ko a nan.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, kafin fita

Maɓallin riga guda ɗaya na yi ta fama da shi. Har shayi ya huce.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gajimare, iska kaɗan. Bas biyar, duk a ƙasa, duk da tanar roba. Baƙar ta fi mai ruwan ƙasa ci.

Na sa zaren saƙa a sandata. E, ni. Shekara goma ina zagin yaran nan masu zaren saƙa da ɗan talabijin ɗin da ke nuna musu kifi a ƙarƙashin jirgi, ina cewa wanda ba ya jin kifi da zaren roba ya koma kiwon awaki. Zaren saƙa ba ya miƙewa, ko tsakuwa dalma ta taɓa sai ya kawo maka labari. Na kuma ƙara nauyin dalma, na ɗauki sandar nan mai tauri da na daina amfani da ita. Hammu ya gani ya ce, "A'a, Dadda, da awaki nawa za mu fara?" Na ce ya iya bakinsa, ranar da na auri yayarsa ko wando ba shi da shi.

Wani abu na lura da shi. Hammu ya daina kallon gabansa. Duk lokacin da na waiga, idonsa yana kan zarena, daidai inda ya shiga ruwa. Ba na baƙo ba, nawa. Shekara ashirin da shida mutumin nan tsaunuka yake kallo yana 'yan waƙe-waƙensa, yanzu ya zama mai tsaron jarrabawa. Me yake ƙirgawa?

Da muka fito na tsaya wanke jirgi, shi ya hau wajen motar Si Larbi. Sun daɗe. Hammu yana magana yana ɗaga hannu, sai duka biyun suka juyo suka dube ni. Da ya sauko na ce me aka tattauna. Ya ce, "Man inji." A kan man inji ake waiwayen mutum?

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

Ban so rubuta wannan ba.

Baƙon Bafaranshe ne, ɗan tsoho, yana gaba yana ɗaukar hoton tsauni. Na sa hannu a akwati zan ɗauko cokalin yaudarar kifi mai ƙugiya uku, na fasa, na ci gaba da ba shi labarin shekarar da ruwa ya kai bakin titi. Sai Hammu ya ajiye filafili ya matso a hankali, ya cire hularsa ya rufe mini hannu da ita. Na ce lafiya? Ya ɗaga gefen hular. Cokalin yana rataye a manuniyata, ƙugiya ɗaya ta shige har ta wuce ƙayarta, jini yana ɗiga a kan wandona. Tun yaushe, Allah masani.

Ya kama hannun. Ya tura bakin ƙugiyar ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya datse da filaya, ya zare, ya ɗaure da tsumma. Yana yi yana kallon fuskata, yana jira in yamutsa ta. Na yamutsa, amma na makara, kuma ya ga na makara. Baƙon ya juyo, Hammu ya ce masa da Faransancinsa na kasuwa, ƙayar kifi ce, ba komai.

Yanzu ya gani da idonsa. Yanzu yana da abin kaiwa gefen mota.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

Ban je cin kuskus gidan Hammu ba. Tun mahaifiyarsu Lalla Hadda tana da ƙarfinta ba mu taɓa fashin Juma'a ba, ko bayan rasuwarta a watan huɗu ba mu fasa ba. Na ce wa Itto kaina ke ciwo. Ta tafi ita kaɗai ta dawo da kwano, wai Hammu ya ce a kawo wa Dadda, ya zaɓar masa kabewa. Kabewa. Mutum yana haƙa maka rami yana zaɓar maka kabewa.

In an sauke ni daga jirgin nan me zan zama? In zauna a shagon shayi da tsofaffi muna buga karta, masu wucewa suna nuna ni suna cewa wancan shi ne, a da. Shekarata sittin da uku. Ban iya noma ba, ban iya ciniki ba, zaman ma ban iya ba. Shi yana da itatuwan zaitun na gado, yana da suruki mai shagon taya a Bani Mallal. Ni ruwan nan kawai gare ni, shi ma guduna yake yi.

Tsoro nake ji. To na rubuta.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Iya ruwa fid da kai.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba baƙo. Na sa jallabiyar zuwa kasuwa na hau masauki. Si Larbi ya sa aka kawo shayi, na bar shi ya huce kafin in taɓa. Mun yi maganar fari, mun yi maganar tsadar mai. Sannan na faɗi abin da na je faɗa a kan Hammu.

Ya ajiye kofi ya ce, "A jirgina?" Na ce a jirginka. Ya ce, "Kai ka gani?" Na ce ina ciki. Ya daɗe yana kallona, wani irin kallo da ban gane kansa ba, sannan ya ce, "To, Si Addi. Na ji."

Ba ƙarya na yi ba. Ko a gaban alƙali zan maimaita.

Talata, 19 ga Nuwamba, da sassafe

Ba ƙarya na yi ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Rana ta fito, ruwa a kwance. Bas huɗu. Na ji duka huɗun.

Hammu ya zo da man zaitun sabon matsa a kwalbar lemo, kore shar, mai kama maƙogwaro. Wai na farko ne, bai ma kai gida ba. Ya yi ta tsokanata, wai in aka bar ni ni kaɗai a jirgi zan kai baƙi Azilal ta kan tsauni don ban san gaban inji da bayansa ba. Ya yi waƙa. Ya ƙulla mini ƙugiya sau uku. Ya ce, "Dadda, yau bakinka ya mutu, ko Yaya ce ta ci tararka?" Na ce ya bar ni in ji da kifi.

Na ajiye burodin ban ƙarasa ba. Mutum ya riƙa yi maka kirki da gangan, wannan ma ai mugunta ce.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Si Larbi ya sauko bakin ruwa ya kira Hammu gefe. Ba su daɗe ba. Na ga Hammu ya ciro mabuɗin inji daga wuyansa ya miƙa. Ba a ma jira ɗaya ga wata ba. Kuma ba jirginmu kaɗai ba, an ce kada a ƙara ganinsa a kowane jirgi na masaukin.

Ya roƙi a bar shi ya kwashe kayansa. Ya fi awa guda a cikin jirgin, ya ba mu baya, mutumin da kayansa duka buta ce da tsohuwar rigar ruwa. Da ya fito ya biyo ta gabana. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Ya tsaya ya ce, "Dadda, injin yana son a ja shi sau biyu a hankali kafin a fizga." Ya kama hanya.

Na samu kujerata. A rubuta.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Itto ta dawo daga gidansu, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina, ina gyaran keken naɗe zaren fatsa.

"Kifin Inna ka kai wa Larbi?"

Na ce ban san me take nufi ba.

"Ka sani. Watan huɗu, tana kwance ba ta cin komai, ta ce kifin tafki take marmari. Hammu ya ɗauko mata uwar kifi daga kan ƙwai, guda ɗaya tak, ya naɗe a rigar ruwa. Ni na dafa shi a tukunyar tajin da lemon tsami. Ta ci loma uku, kwana tara ta rasu. Kai ka cinye kan, Addi. Ina kallonka kana tsotsar ƙashi."

Na ce doka doka ce. Kowa a tafkin nan ya sani, ba a taɓa bas yana kan ƙwai, wanda ya taɓa kuwa ba ya sake riƙe baƙo. Mu muka kafa wannan da bakinmu tun kafin Larbi ya gina masauki. Na ce ba ƙarya na yi ba.

Ta ce, "Ba ƙarya ka yi ba. Abokin cin mushe dai aka ce ba a ɓoye masa wuƙa, ba a ce ya soke ka da ita ba."

Na ce ta je ta tambayi ƙanin nata me yake kai wa Larbi a gefen mota, me ya sa ya kafa mini ido a jirgi kamar na saci wani abu.

Sai ta zauna. Da ta ci gaba da faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Roƙo ya je yi. Ya ce a rubuta sunanka, shi kuma a bar shi ya riƙa ja maka filafili ko ba za a ba shi komai ba, wai zaman gida yana sa masa ciwon baya. Larbi har ya ce zai duba. Zarenka kuwa da yake kallo, to wa zai kalla maka? Tun lokacin zafi ya zo nan ya same ni, kana kasuwa. Ya ce, Yaya, hannun Dadda ya daina ji, kifi yana ci yana tofarwa bai sani ba. Ya ce amma zare yana ɗan motsi a inda ya shiga ruwa, in ya gani sai ya buga diddige a ƙasan jirgi, sau ɗaya, a hankali, kai kuma sai ka ɗaga sanda. Ya rantsar da ni kada in gaya maka. Ya ce ranar da ka sani, ranar za ka mutu a tsaye."

Na ce ƙarya ne. Na ce da jikina na ji.

Ta ce, "Ka ji mana. Diddigen Hammu ka ji."

Ta ƙulle kayanta a zane, wai za ta taya su kakkaɓar zaitun. Ba ta faɗi ranar dawowa ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da rana

Ƙarya ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na tafi bayan katanga ni kaɗai, a ƙafa, inda ba mai ganina. Sai da na yi rabin awa kafin in ƙulla ƙugiya ɗaya, da haƙori na ƙarasa. Na jefa. Na ja a hankali yadda na koya wa mutum ɗari. Na san ƙasan wurin nan kamar tsakar gidana, akwai duwatsu, akwai kututture biyu, dole dalma ta yi ta karo. Shiru. Kamar a kan yatsan wani na ɗora zaren.

Na naɗo, tanar ta dawo a tattaune, an zame ta har rabin ƙugiya. Na sake wata. Na gwada zaren a bayan hannu, na gwada a wuyan hannu, har a leɓe na sa, Allah ya sa ba wanda ya gan ni. Na gwada kallon inda ya shiga ruwa yadda ta ce yana yi. Ga ƙyallin rana ga 'yar igiyar ruwa, idona ya yi ta zubar da hawaye, ban ga komai ba. Shi ta yaya yake gani daga baya, yana kuma riƙe da jirgi a cikin iska?

Tana uku aka tauna mini. Bas ba ko ɗaya.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da safe

Wa ya roƙe shi? Wannan nake so a gaya mini. Wata biyar yana kaɗa ni kamar 'yar tsana, baƙi suna tafa mini, ina ɗaga kafaɗa, shi yana baya ya san gaskiya. Ya je ya faɗa wa matata. Ya je yana nema mini alfarma wajen Larbi, wanda ni na koya wa riƙe sanda. Da ya tsaya a gabana ya ce Dadda ka ƙare, da na zage shi na huce, da yanzu muna cin kuskus. Shi ya jawo. Mai yi maka alheri a ɓoye ai tarko ya ɗana maka.

Na karanta abin da na rubuta. Ko ni bai gamsar ba.

Gidan ya yi shiru. Na fasa kofi biyu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan azahar

Na hau masauki. Tun daga gida na tsara maganar: ni ma na ci kifin, hannuna kuma ga yadda yake, a mayar da shi a sauke ni. Si Larbi ya ɗago kai ya ce, "Si Addi, lafiya?" Na ce man inji na zo tambaya. Ya rubuta mini takarda na kai sito.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je gonar. An shimfiɗa ledoji ƙarƙashin itatuwa, mata suna tsinta, Itto tana cikinsu, ta gan ni ta sunkuyar da kai. Hammu yana kan reshe da doguwar gora. Ya sauko ya gaishe ni, ya sumbaci kafaɗata kamar kullum. Da yawu ya tofa mini da na fi jin daɗi.

Na ce, "Zaitun bana ƙanana ne."

"Fari ne, Dadda."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, za ka sake shiga jirgin?"



Ya ce, "Ni ma in tambaye ka ɗaya. Da ka tashi kai ƙara, sai kifin Inna? Ka ce ina ɓarnar mai mana. Ka ce ina zagin baƙi da yarenmu, wannan kam ai ina yi." Ya yi ɗan yaƙe. "Loma uku ta ci, Dadda."

Ya ce in an gama matsar mai zai koma Bani Mallal wajen surukinsa, shagon taya yana neman mai zama. Na ce shi da ba ya iya wuni inda ba ya ganin ruwa. Ya ce, "Mutum yana koyo." Ya ɗauki gorarsa ya koma kan reshe.

Itto ba ta biyo ni ba.

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan la'asar

Sanyi, iska daga arewa. Rana ta farko ni kaɗai.

Baƙon Ustaz Abdulhak ne, tsohon malamin makaranta daga Fas, shekara goma sha biyar yana zuwa wajena. Ya zo da abokinsa, wani mai kantin magani, tun a mota yake cika shi da labarina. Ustaz ya tambayi inda Hammu yake, na ce yana kakkaɓar zaitun.

Na zauna a baya, inda ban taɓa zama ba. Da na ɗaga murfin kujerar ina neman tsumma, sai na ga wani kwali. Guntayen zare ne a naɗe a jikinsa, kowanne da ƙugiyarsa a ƙulle, da dalmarsa, da maƙali a ɗaya bakin, babba, irin wanda ko da safar hannu za ka iya latsawa. Ashirin cif. Ƙullin nasa ne, yana barin jela doguwa, na sha yi masa faɗa a kai. Abin da ya zauna yi ke nan ranar da aka kore shi. Na ɗauki kwalin, na rufe kujerar, na tayar da inji.

Na kai su gefen katanga. Iska tana tura jirgi, ina fama da filafili yana zame mini. Na maƙala musu, na nuna musu yadda za su ja, taki ɗaya a tsaya, taki ɗaya a tsaya. Reshe ya cinye uku, dutse ya cinye biyu, don na kasa tsayar da jirgin inda ya kamata.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mai maganin ya ce kamar wani abu ya yi masa nauyi. Ustaz ya washe baki ya ce, "Tsaya, kada ka ja. Yanzu za ka ga abin da nake gaya maka. Si Addi, taɓa ka faɗa mana." Ya jawo zaren ya miƙo mini.

Na ɗora a manuniya. Na rufe ido yadda na saba. Na jira. Ba komai a sama, ba komai a ƙasa. Na daɗe har na ji sun daina motsi. Dole in ce wani abu.

Na ce, "Dutse ne."

Na buɗe ido, zaren yana yanka ruwa yana tafiya hagu, a hankali, a kan yatsana yake gudu. Mai maganin ya ce, "Si Addi, dutsen naka fa yana tafiya." Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi ya yi shiru. Ya naɗo kifin da kansa, kilo biyu da wani abu, ƙugiya can cikin maƙogwaro don an bar shi ya haɗiye. Na kasa zare ta. Ustaz ne ya karɓi filaya ya datse zaren, muka sake shi yana jini, ban sani ba ko zai rayu. Ustaz bai dubi fuskata ba. Hannuna ya duba, ya daɗe yana dubawa.

A bakin ruwa Si Larbi yana jira. Ya ce yaya aka yi. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ustaz ya riga ni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mai yatsa yana nan yadda ka san shi." Shi ma ya fara rufa mini asiri ke nan, ban roƙe shi ba. Si Larbi ya ce madalla, gobe akwai mutum biyu ƙarfe bakwai, da sunana suka nema.

Bas ɗaya, ba ni na ji shi ba. Kujera tawa ce, ba mai ƙwace ta. Ƙullin Hammu saura goma sha huɗu.